Gurbin Matar Kafinta

Ƙafafun matar kafinta sun kumbura har ta koma sa takalminsa. Shekara biyu ana yi mata wankin ƙoda a asibitin gwamnati, duk Talata da Juma'a, a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya. Rana ɗaya aka ce sunanta ya ɓace daga kwamfuta.

Kwana tara kafinta yana zarya a hukumar, ya bar ƙofofin mutane a jingine babu fenti. A taga ta ɗaya a tura shi ta huɗu, a ta huɗu a ce mai makulli ya tafi taro. A ƙarshe wata ma'aikaciya ta ce masa, idonta na kan waya, "Baba, ko an gano sunan, an riga an ba wani gurbinta. Inji ba ya jiran kowa."

Ƙanin matarsa ne ya ba shi shawarar zuwa ofishin ɗan majalisarsu. "Yaya, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Numfashinta fa ya fara sarƙewa."

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Ɗan majalisar ba ya gari, sai hotonsa a bango yana murmushi. Kafinta ya zauna a bencin da ƙafarsa ɗaya ke rawa, tun safe har rana ta take, kafin a shigar da shi wurin sakatare, wani mutum mai fara'a da ƙamshin turare.

Sakatare bai taɓa takardun asibitin ba. "Katin zaɓenka, Baba?" Ya juya shi gaba da baya, ya gyaɗa kai. "Namu ne. Me ya hana ka zuwa tun farko? Mai uwa a gindin murhu ai ba ya kwana da yunwa."

Ya kira daraktan hukumar, ya buɗe muryar wayar. Suka gaisa, suka yi dariya a kan tumbin wani abokinsu, sannan sakatare ya tuna masa cewa sati mai zuwa hukumarsa za ta bayyana gaban kwamitin Mai Girma ɗan majalisa. Cikin minti biyar sunan da ya ɓace ya fito.

"Sai dai gurabe ashirin ne, ranka ya daɗe," in ji daraktan, "duk sun cika."

"Turo mini jerin."

Jerin ya shigo. Sakatare ya riƙa jan shi da babban yatsa, yana duba adireshi. "Namu. Namu. Wannan ƙanwar kansila ce. Yauwa, na goma sha bakwai, daga ƙetaren gada yake. Ba mazaɓarmu ba ce, yana da nasa wakilin."

Mutum ɗaya kafinta ya sani da ke zuwa daga ƙetaren gada. Wani tsohon direban babbar mota ne, gadonsa kusa da na matar kafinta, mai barkwanci, wanda ke ce wa injin wankin "surukata" don ba ta gajiya da shan jininsa. Shi kaɗai ya bugo waya sau biyu yana tambayar jikin matar tun da aka daina ganinta.

"Ko kana da magana, Baba?" in ji sakatare.

Yana da ita. Ya tuna yadda ya baro matarsa da safe, zaune a jingine da bango don kwanciya ta gagara.

"Babu, ranka ya daɗe."

"Madalla. Tsaya nan ƙarƙashin hoton Mai Girma a ɗauke ka. Ɗan saki fuska mana, ai ba gaisuwar mutuwa ka zo ba."

Ranar Talata aka ɗora matarsa a inji. Kafin awa biyu numfashinta ya daidaita, barci ya ɗauke ta. Kafinta ya fito baranda, sai ga direba a keken marasa lafiya, 'yarsa na tsaye a gaban teburin nas tana roƙo, nas kuwa tana nuna mata allon kwamfuta.

"Malam kafinta!" Direba ya miƙo hannu. "Na hango Hajiya ta taga. Wallahi na ji daɗi. Ni kuma yau surukata ta yi mini yaji, wai sunana ya ɓace. Kai yaya ka yi naku ya dawo?"

"Haƙuri kawai," in ji kafinta, "da addu'a."

"Shi ke nan, muna da su. Taimaka ka kama ni zuwa mota, yarinyar nan ba za ta iya ba."

Kafinta ya tura keken har bakin titi, ya rungume shi ya sa a kujerar baya. Jikin ya yi nauyi da ruwa. Direba ya riƙe hannunsa bai saki da wuri ba.

"Ka gaishe ta in ta farka. Ka ce ta kula mini da gadona."

Juma'a ta zo ta wuce, Talata ma haka. Wayar kafinta ta yi ƙara sau uku da lambar direba, ya kifa ta a kan teburin aiki, ya ci gaba da goge katako. Daga nan ba ta sake ƙara ba.

A Juma'a ta biyu matarsa ta juya kai ta dubi gadon da ke kusa, inda wani baƙon mutum ke kwance.

"Baban yara, wai ina direba? Ɗakin ya yi shiru."

"An canza masa lokaci."

"Ai gara haka," in ji ta. "Dama ya ce sammakon nan yana wahalar da 'yarsa. Ɗan gyara mini matashin nan."

Ya gyara mata.