Babur Ɗin Baba Bai Wuce Ƙofar Gida Ba

Mai Agogo ya rabu da babur tun lokacin da aka haifi 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta. Matarsa ce ta kafe sai ya sayar, shi kuma ya sayar, amma bakinsa bai taɓa sauka daga kan babur ɗin ba. Auta ta tashi da labarin yadda Baba ke shan kwana har gwiwarsa na shafar ƙasa. Kowace shekara kuwa kwanar nan sai ta ƙara tsanani.

Da furfura ta cinye masa gemu, sai ya je ya sayo wanda ya daɗe yana mafarki: dogon babur baƙi wuluk, mai faɗin kujera da salansa biyu, in aka tayar da shi har tagogi rawa suke yi. Abin da bai kawo a ransa ba shi ne, nasa na farko ɗan siriri ne, da hannu ɗaya ake juya shi. Wannan kuwa nauyin saniya gare shi, kuma birkin ƙafa can gaba yake, sai mutum ya miƙe ƙafa kafin ya taka.

Ranar da ya taho da shi gida, a kwanar layinsu ƙafarsa ta nemi birki inda ta saba, ta taki iska. Saura ƙiris ya rungumi katangar mutane. Babu wanda ya gani. Ya shiga gida yana murmushi, rigarsa sharkaf da gumi.

Daga ranar babur bai sake ganin titi ba. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, sai dai Mai Agogo ya sa masa suna gyara. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsintar ƙananan kusoshin agogo da hantsaki ai ba ya rasa abin taɓawa. Yau ya canza baƙin mai, gobe ya auna iskar taya, jibi ya bi ƙarƙashin tanki da burushin goge haƙori. Kullum da safe zai tayar da injin ya yi ta gurnani, sannan ya kashe, ya yafa masa zane, ya tafi shago a ƙafa.

"Maigida, wai wannan ango yaushe zai fita?" in ji matarsa, tana shanya kaya.

"Akwai ɗan abin da nake ji a injin."

"Mu ma muna ji. Har maƙwabta."

Ana haka Auta ta sami aiki a wani ɗakin gwajin jini. Ana gobe za ta fara, ta zo ta tsuguna kusa da shi yana goge madubi.

"Baba, kai za ka kai ni. So nake su ga da wa na zo."

Ya buɗe baki zai kawo maganar injin, ya dubi fuskarta, ya kasa. Ya ce to.

Da yamma ya yi abin da ya iya. Ya ɗauko man feshin nan da ake goge cikin mota da shi, ya bi tanki, ya bi kujera, da ya ga tayoyi sun yi fari-fari sai ya bi su su ma har inda suke taka ƙasa. Duk wanda ke hawan babur kullum ya san ba a sa wa taya da kujera abu mai santsi. Shi ma a da ya sani. Amma ya daɗe da daina kallon babur ɗin a matsayin abin hawa.

Da safe Auta ta fito cikin sabuwar farar rigar aiki, ta sa hular kwano, ta hau bayansa ta riƙe shi. Ya kama kuloci, ya sa giya, suka fita a hankali. Daga ƙofar gida ana karya kan babur ne zuwa hagu, kan simintin da aka wanke da asuba. Yana karyawa tayar gaba ta sulale. Ya sake neman birki inda babu shi. Babur ya kwanta, Auta ta zame daga kujera ta faɗa bakin kwata.

Ba gudu suke ba, ko yaro mai rarrafe zai iya cim musu. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya tashi ya kama babur zai ɗaga, ko motsi bai yi ba. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, injin na ta kuka a kwance. Sai da mai wanki da direban da ke haya a gidan gaba suka zo, direban ya kashe makulli, suka haɗu suka tsayar da shi. Kafin nan layi ya cika.

Auta na tsaye, gefen rigarta baƙi ƙirin da ruwan kwata, tafin hannunta ya goge yana tsattsafo da jini.

"Subhanallahi, garin yaya?" in ji mai wanki.

"Ni ce," Auta ta yi saurin cewa. "Ni na motsa daidai kwana. Ban iya zama ba."

"Ai na faɗa!" in ji direban. "Mutum kamar Mai Agogo, wanda ya yi zamani a kan babur? 'Yan mata sai a hankali. In an goya ki, zama ake yi kamar buhu."

Aka yi dariya, Auta ma ta taya su. Mai Agogo ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Kalma huɗu kawai ake nema daga gare shi: ba ita ba ce. Suna nan a kan harshensa. Ya sunkuya yana duba salansa, har mutane suka watse.

Uwarta ta ɗaure mata hannu, ta canza zuwa wata tsohuwar riga, aka tsayar da tasi. Ta riga ta makara. Ya bi ta har bakin motar, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Auta..."

"Ba komai, Baba." Ta rage murya don kada direban tasi ya ji. "Tun a tsakar gida na ji bayanka na rawa. Na daɗe da sanin tsoronsa kake ji. Na ɗauka in ni ce a bayanka za ka daina."

Ta ja ƙofa da hannun da ba shi da ciwo, motar ta tafi.