Allon Ajinsu Hamdiyya

Ajinsu Hamdiyya ba shi da ƙyaure. Mu iyaye muka gina makarantar da tubalin ƙasa a bayan garinmu Barkiya, ƙyauren ne ba mu kai ga sawa ba. Awaki kan shiga su lashe baƙin allo, shi ya sa Malam Ashafa ya ce yara su riƙa tafiya da shi gida bi da bi. Ran nan layi ya zo kan 'yata Hamdiyya.

Da la'asar ta daka gawayi, ta kwaɓa da ƙaro, ta shafe allon har yana ƙyalli. A turmin yajina ta daka, amma na ƙyale ta.

Da safe aka tashi da ruwa. Na leƙa, rafin da ke tsakaninmu da makaranta ya kawo.

Na ce, "Ke, yau ba inda za ki."

"Inna, allo fa yana wurina."

"Allo ba ya mura. Ke kuwa kina yi."

"In ban kai ba a ƙasa Malam zai rubuta. Ƙasar kuma ta jiƙe."

Na koma hura wuta. Ko da na juyo, ta cire buhun takin da take lulluɓa da shi in ana ruwa, ta naɗe allon a ciki. Tana tsaye a zaure, daga ita sai hijabi, tana kokawar ɗaga shi.

Na goya ƙaninta Yazid, na ɗora allon a ka, na ce ta riƙe zanena da kyau. Ruwan ya kawo mini gwiwa, ita kuwa har ƙugu.

"Inna, kar ki karkata shi, baƙin zai wanke."

"Ke dai kalli inda kike taka ƙafa."

Muka tarar da yara sun cure a gefen da ba ya yoyo, kowa kan buhunsa, suna fuskantar ƙusoshi biyu a bangon da babu komai. Da na sauke allon sai suka tuntsire da dariya. Ashe baƙin ya zubo mini har haɓa.

Malam ya karɓa ya rataye. "Maman Yazid, da kanki? Allah ya saka."

"Amin. Malam, yau wa zai tafi da shi?"

"Siddiq, na gidan Malam Hudu."

Gidansu ma a ƙetare yake, kuma bai kai Hamdiyya tsawo ba.

Na ce, "In an tashi, shi da Hamdiyya su jira ni a bakin rafi."