Tariere da Bangon Tafki

A ƙauyenmu na bakin kogi kowa ya iya iyo tun yana rarrafe, amma Tariere daban ce. Tana shekara goma sha uku igiyar kwalekwalen uwarta ta kwance, ruwa ya tafi da shi maƙil da ayaba. Tariere ta faɗa kogi ta kamo shi, ta jawo shi da igiyar a haƙori. Wani mai horar da 'yan iyo, Koci Perekeme, yana cikin jirgin fasinja ya gani. Kafin sati ya zagayo sai ga shi a gidansu.

"Mama Ebinimi, ki ba ni yarinyar nan mu tafi Yenagoa."

"Ta yi me?"

"Iyo."

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yau na ji sabon aiki! To wa zai taya ni bandar kifi?"

Da ƙyar dai ta yarda.

Ranar farko aka jera ta da 'yan mata biyar a tafkin gasa. Ta yi musu fintinkau, ta taɓa bango, ta haye waje tana jiran tafi. Sauran kuwa suka juya suka koma.

"Ke! Zuwa da dawowa ne!" in ji Koci, hannu a ka.

"Oga, ai koginmu ba shi da bango!"

Wata huɗu ta yi tana koyon juyi, goshi duk ƙulu. Da ta iya kuwa, ba a sake ganin bayan kowa a gabanta ba. Zinare uku ta ci a gasar ƙasa. A ta Afirka ta fara da tagulla, ta yi kwana biyu ba ta kula kowa, da ta koma ta ɗauko zinare.

Bayan shekara goma sha biyu ta ce za ta yi gasarta ta ƙarshe. Mu 'yan ƙauye muka cika mota muka tafi da Mama, wadda ba ta taɓa kallonta a tafki ba. Ihun Mama ya danne lasifika. Da tsawon yatsa Tariere ta riga wata 'yar Legas mai shekara sha bakwai, Morenike.

Mama ta ture masu gadi, ta lulluɓe 'yarta da zane.

"Rufe jikinki, ja'ira! Dubi yadda kika rame."

Ta buɗe kular faten ayaba da busasshen kifi nan a bakin tafki. Tariere ta hango Morenike tana share hawaye, ta yafito ta.

"Ƙanwata, zo ki ci. Baɗi ba na nan, filin naki ne."

Sai da Morenike ta yi ƙari sau biyu.