Hannun Hagun Jibril

Ni ce autar Malam Yero na unguwar Koki, auta kuwa a gidan Fulani sarauniya ce da ba a naɗa ba. Tun ina ƙarama nake hawa buzun Baba, in tsoma hannu a akushinsa, in ja masa gemu, iyakar abin da zai ce shi ne, "Baraka, Allah Ya shirye ki." Yayana Jibril bai taɓa samun ko ƙwayar wannan gatan ba, domin shi ne ɗan fari. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama kusa da shi, ba ya nuna yana sonsa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, sai dai wanda ake yi wa ita ba kullum yake gane bambancin ba. Shekara talatin da biyu Yaya ya yi a duniya yana amsa "wancan" da "yayanki".

Baba dillalin shanu ne a kasuwar Kara, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Yaya ya zaɓi tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Ikko. A wata dawowa ya zo da wani abu cikin jakar yadi. Kamar jita yake, amma ɗan ƙarami, tsarkiyarsa huɗu, katakonsa launin zuma. Ya ce sunansa yukulele, a wurin wani kukun jirgin ruwa ya samo shi. Da ya kaɗa mana a tsakar gida, wallahi sai da na ajiye taɓarya. Sautin siriri ne, mai fara'a, ba ya kama da garaya, ba ya kama da goge.

Baba ya shigo ya tarar da mu. Yaya na zaune a gabansa, amma ni ya kalla.

"Baraka, ki gaya wa yayanki, gidan nan ba gidan maroƙa ba ne."

Daga ranar yukulele ya zama abokin tafiya kawai. In Yaya yana gida, ƙasan adaka ne makwancinsa.

A daminar 1954 motarsa ta zame a laka a hanyar Zariya, ta kife, ƙofa ta danne masa hannun hagu. Likita ya cire yatsu huɗu, ya bar masa babban. Lokacin ina gida, don mijina ya tafi aikin Hajji ta ƙasa, na dawo gaban Baba ina jiransa. Saboda haka komai a kan idona aka yi.

Ciwon ya warke, amma mai ciwon bai warke ba. Tuƙi ya ƙare, kiɗa ya ƙare. Yaya ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya, hannun nan yana ɓoye cikin riga ko matarsa Indo ba ya bari ta gani. Ta kai tuwo ya dawo, ta dama fura ta dawo. An yi rubutu, liman ya zo, abokan tasha sun zo. Kowa ya gama magana sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya mayar da fuska bango. Cikin wata biyu ya rame har rigarsa ta zama kamar a ƙusa aka rataye ta. Ba wanda ya furta, amma duk gidan mun san in bai koma cin abinci ba, ba zai ga kaka ba.

Kullum da safe Baba zai tsaya a bakin madafa ya ce, "Wancan ya ci?" In ce bai ci ba. Ya gyaɗa kai ya fita. Ni na yi fushi da shi a kwanakin nan, ban ɓoye ba. Ɗanka yana ƙarewa a bayan bango ɗaya, kai kana riƙe da kunya kamar ita za ta ɗauki gawarka! Daga baya na lura shi ma akushinsa rabi yake dawowa.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni soro. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Abin nan na yayanki, mai tsarkiya. Yana nan?"

Na ɗauka ƙonawa zai yi. Duk da haka na sa Indo ta zaro shi daga adaka. Tsarkiya ɗaya ta tsinke tun ranar haɗarin, kuma a cikin jakar akwai wani ɗan littafin boko mai zane-zane. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi yadda yake duba ɗan maraƙi kafin ya yi ciniki.

Washegari sai ga Ɗantani mai garaya daga Ƙofar Mazugal a soronmu, a kan buzun baƙi. Wannan soron da maroƙi bai taɓa wuce dokin ƙofarsa ba! Na laɓe a bayan ƙyaure, don ba zan bari a ba ni labari ba.

"Tsarkiya huɗu!" in ji Ɗantani. "Kai, Turawa ba su da tattali. Mu biyu ta ishe mu tayar da mafarauta ɗari."

Ya murza izgar doki ya maye gurbin wadda ta tsinke, ya ɗaure ta da irin ƙullinsa na garaya. Sa'annan ya ce, "Malam, gaskiya ɗaya ce. Hannun dama zan iya koya maka, don kaɗawa kaɗawa ce ko ina. Amma wannan wuyan mai tsani-tsani, inda hagu ke dannawa, ba gonata ba ce."

"Ba hannun dama nake nema ba," in ji Baba. "Wannan akwai mai shi."

Ɗantani ya gyara hula, ya yi sallama. Ni kuwa na ce a raina taurin kan tsofaffi ne kawai.

To, daga nan Baba ya zama malamin kansa, kuma a nan ne na san mutumin da ya haife ni. Bai iya boko ba, ko harafi ɗaya. Amma ya zauna da littafin nan, ya ga zane mai gida-gida kamar hatimi, da baƙaƙen ɗigo a ciki. Yini biyu yana kallon zanen yana kallon wuyan yukulele, har ya gano da kansa cewa layukan nan huɗu tsarkiyoyi ne, ɗigon kuma wurin ɗora yatsa ne. Ba wanda ya gaya masa. Da ya nuna mini, idonsa har ƙyalli yake yi.

Abin da mu duka ba mu sani ba, Baba ya buɗe littafin ne yadda duk littafin kirki yake buɗuwa a wurinsa, wato daga dama. Ya fara da shafin ƙarshe, inda darasi mafi wuya yake, mai ɗigo huɗu a warwatse. Tsarkiyoyin ma daga dama ya ƙirga su, saboda haka kowane yatsa a gidan maƙwabcinsa yake sauka.

Sautin da ke fitowa, Allah Ya yafe mini, kamar akuya ce igiya ta shaƙe ta. Yatsun Baba yatsun mai kama bijimi ne, kauri gare su, ɗaya sai ya danne tsarkiya biyu. Izgar Ɗantani kuma tana nata gurnanin daban. Kaji suka daina shiga soro. Kan yatsunsa ya yi bororo, ya fashe, ya shafa man shanu ya ci gaba. Kullum daga la'asar zuwa gab da magariba, mutum mai shekara sittin da biyar yana zaune ya ƙura wa ɗigo ido, ya ɗora yatsa, ya ja tsarkiya da babban yatsansa sau ɗaya don ya ji, ya sake ɗorawa.

"Baba," na ce masa, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Busasshen ma in ya kwana a ruwa yana tanƙwaruwa. Tashi ki ba ni haske."

Magana ta zaga Koki. A Kara abokan cinikinsa suka laƙaba masa Sarkin Makaɗa. Maƙwabcinmu Malam Shehu, wanda shekara talatin suke sahu ɗaya a masallaci, ya leƙo wata rana ya tsaya a ƙofa.

"Malam Yero, yanzu da furfurarka? Kada fa girma ya faɗi."

Baba bai ɗaga kai ba. "In ka gan shi a ƙasa, Malam Shehu, ka tsallake, kada ka taka."

Na san abin ya yi masa ciwo, don mutum ne da mutuncinsa ya fi masa garke. Amma da aka yi la'asar washegari, yana nan a wurinsa.

Wurin nasa ma ya canza. Da can buzunsa yana gabas ne, wajen taga. Yanzu ya ja shi ya jingina da bangon kudu, wanda bayansa ɗakin Yaya ne. Indo ce ke kawo mini rahoto. Kwanakin farko, ta ce, matashin kai Yaya yake ɗorawa a ka. Bayan mako guda ta zo da sauri har tana tuntuɓe.

"Ya yi tsaki! Baraka, wallahi ya yi tsaki!"

Ban taɓa murna da tsaki ba sai ranar. Bayan nan ta ce in Baba ya fara, hannun daman Yaya yana motsi a kan gwiwa, in an yi kuskure sai ya damƙe shi. Kuskure kuwa shi ne duka kiɗan.

A rana ta ashirin da uku da fara koyon Baba, an yi ruwa da azahar, gari ya yi sanyi. Na kawo wa Baba ruwan alwala soro, yana fama da ɗigonsa huɗu. Sai na ji jan ƙafa a bayana. Yaya ne, yana dafe da bango, ƙashin wuyansa duk a waje.

"Baba," ya ce. Muryar ta dushe don rashin amfani. "Ta baya kake karantawa."

Baba bai kalle shi ba. "Baraka, tambayi yayanki, ina gaban yake?"

"Baba, ga ka ga shi. Ni tukunyata tana ƙonewa," na ce. Ban je ko ina ba.

Yaya ya durƙusa, ya juya littafin da hannun dama, ya buɗe shafin farko. Zane ɗaya ne, ɗigo ɗaya tak. Ya nuna tsarkiyar ƙasa, gida na uku.

Baba ya kalli ɗigon, ya kalli yatsunsa masu tabo. "Ɗaya? Kwana ashirin da uku ina kokawa da huɗu, ashe da ɗaya ake farawa?"

Dariya ta kuɓuce wa Yaya, irin wadda take zuwa da tari. Indo da ke laɓe ta toshe baki da mayafi.

"Wa ya sa wannan izgar?"

"Wanda ya iya," in ji Baba, yana kallon bango.

"Riƙe mini wuyan."

Baba ya riƙe, Yaya ya rinƙa murɗa kunnuwan da ke ɗaure da tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, har tsarkiyoyin suka daidaita, izgar ma ta bi sahu gwargwadon iyawarta. Sa'annan Baba ya ɗora yatsa ɗaya a gida na uku, ya danne da kyau. Ya janye hannun damansa gaba ɗaya ya ajiye a kan cinya, ya tura cikin yukulelen wajen ɗansa.

"Na danne," ya ce.

A nan na gane maganar da ya gaya wa Ɗantani. Baba bai taɓa nufin ya zama makaɗi ba. Hannun hagu kawai yake koyon zama.

Yaya ma ya gane. Ba yadda mutum biyu za su kaɗa abu ƙarami haka sai sun zauna kafaɗa da kafaɗa, kuma tun da aka yanke masa cibiya bai taɓa zama haka da ubansa ba. A hankali ya hau buzun, ya zauna a daman Baba, ya rungume yukulelen a ƙirji. Ya sauke yatsa a kan tsarkiyoyin.

Sautin ya fito tas, irin na ranar da na ajiye taɓarya.

Suka koyi ɗigo na biyu, suka koyi na uku. Yaya yana kaɗawa yana cewa, "Canza, Baba. A'a, ka makara. Sake." Baba, wanda ba a taɓa gyara masa magana a gidansa ba, yana cewa, "To." Can na ga guntun hannun nan ya fito daga riga ya kwanta a kan buzu a tsakaninsu. Baba ya ɗora hannun damansa a kai, ya bar shi a nan, idonsa yana kan littafi.

Da rana ta yi ƙasa, Baba ya miƙar da yatsunsa suka yi ƙara.

"Baraka."

"Na'am, Baba."

"Kawo akushina nan. A ƙara miya. Jibril zai ci tare da ni."

Hannun Yaya ya tsaya cak a kan tsarkiya. Ni ma na tsaya da buta a hannu, ina jin sunan yana yawo a soron kamar baƙo. Baba ya ci gaba da duba tabon yatsunsa, sai ka ce bai faɗi komai ba, amma gemunsa yana rawa. Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan katakon mai launin zuma, bai share ba.

"Ba ki ji ba ne?" in ji Baba.

Na ji. Na ruga madafa ina kuka ina zuba miya. Ni na wanke akushin ranar, ko da yake ba abin da ya rage a ciki da za a wanke.