Batirin da Na Shanya a Rana

Wautar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ga farantin sola yana shan rana ya kawo wuta, sai na ce to batirin injin hujina fa? Na ɗora shi kan kwanon shagona, ya wuni yana gasuwa. Da na sauko da shi ko motsi injin bai yi ba.

Ga shi iska ta yaye rufin ɗakin Inno, mahaifiyata, a Darini. Na riga na kafa mata sandunan ƙarfe, saura ɗaure kwano, ƙarfe kuwa ba ya jin guduma da kusa, sai an huda. Inno ta rantse ba za ta kwana gidan maƙwabta ba tana da ɗa kafinta.

Na hau babur sai Safana, wajen Yaya Baraka, matar wana, mai gyaran fitilun caji a zauren gidansu. Ta ji labari ta yi dariya har da hawaye.

"Ɗanjummai, kuɓewa ce da za ka shanya? Allah ya rufa maka asiri bai kama da wuta ba."

Na shaƙa, amma na miƙa mata. Ta kwance bayan batirin. Ashe ƙananan batura biyar ne a ciki, jere kamar ƙwai a kwando! Shekara huɗu ina aiki da abin, ban taɓa sani ba. Ta ɗauko mitar gwada wuta tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan da rai. Wannan ma, da wannan. Waɗannan biyun ka kashe."

Ta jawo kwalin fitilun da mutane suka zubar, ta zaro batura shida, ta gwada, ta zaɓi biyu da ƙarfinsu ya yi daidai da na sauran. Ta ce in aka haɗa mai ƙarfi da rago, ragon ne zai ja su duka ƙasa. Ta liƙa su da sauran da wasu siraran ƙarafa. Matar da nake ɗauka hannunta bai wuce tuƙa tuwo ba!

Ta yi masa caji, ta danna injin. Wiiii! Na ce, "Allahu Akbar!"

Ina isa Darini bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na haye sama ina huji ina ɗaurewa, iska na neman fizge kwanon daga hannuna. Ɗigon farko ya same ni a kan kwanon ƙarshe.

Na sauko sharkaf na leƙa ɗakin. Inno na zaune kan gadonta, ashe ko tabarma ba ta fitar ba tun safe. Na ce, "Haba Inno! Da ban dawo ba fa?"

Ta kalle ni kamar na yi shirme.

"Kai ka ce za ka rufe. Me zan kwashe?"