Ƙyallen Bakin Kwando

Atika ce ta jawo mana wannan fitina, kuma har gobe in na gan ta sai na gaya mata. Aure ya kai ta ƙetare, ƙasar Dahome, inda mata ke jefa ƙuri'a kamar maza. Ta zo ganin gida tana hura mana hanci, wai ita da hannunta ta zaɓi shugaban ƙasa. Mu nan gefen Illo ko ƙofar rumfar zaɓe ba a barin mace ta leƙa. Shekarar nan kuwa ba a zancen komai sai na shugaba. Rediyon Ma'azu mai tireda ya ce Najeriya ta zama jamhuriya, shugaban ƙasa shekara biyar zai yi a sake zama a kansa. Can ƙetare soja sun sauke nasu, an sake zaɓe. Mu masu bandar kifi muna jin duk wannan a bakin gulbi, muna juya kifi a kan wuta, muna satar kallon Inna Sabuwa.

Inna Sabuwa ita ce uwar tafiyarmu. Ranar kasuwar ƙetare ita ke shiga jirgin gaba, ita ke magana da 'yan duwan masu tsaron iyaka, in rigima ta tashi kan kwando ita ke yanke ta. Ba wanda ya zaɓe ta, wurin gwaggonta ta gada, tun ina yarinya. Aikin ta iya shi, wannan ko maƙiyinta ya sani. Idon ne ya tafi. Yanar ido ta rufe shi, ba ta ganin komai sai inuwa, amma kada ka kuskura ka faɗa a gabanta. Da damina ta taka iska tana zaton bakin jirgi ne, ta faɗa gulbi, da ƙyar Yero mai fito ya kamo ta da zane. Ta fito tana zagin jirgin, wai shi ya matsa.

Tun ranar ɗiyarta Rabi ba ta sake samun sukuni ba. Rabi ƙawata ce, murahunmu na banda suna maƙwabtaka, kuma ina kallonta tana ƙona kifi kamar sabuwar shiga. Ta roƙi uwar a ɗaki ta huta, uwar ta ce ranar da ta zauna gida a sayo likkafani.

"Lami," Rabi ta ce mini, "ruwan nan zai cinye mini uwa ina kallo."

Shi ya sa da Atika ta ce mu ma mu yi zaɓe, a ɓoye, kowa ta jefa abinta ba wanda ya sani, wadda ta ci ta yi damina uku ta sauka, Rabi ce ta fara ɗago kai. Aka lallashi Sakinatu, ɗaya daga cikinmu masu banda, ta tsaya takara, tana ta sunkuyar da kai don kunya. Muka zaci tsohuwa za ta tashe mu da tsiya, sai ta yi dariya har da tafa cinya.

"A yi mana," ta ce. "In ga wadda za ta iya da 'yan duwan in ba ni ba. Da mi za a jefa?"

Atika ta ce da tsakuwa.

"Tsakuwa? Mariyar nan kaɗai sai ta ɓoye goma a kumatu. Kowa ta kwance ƙyallen kwandonta. Ɗaya gare ki, ɗaya za ki jefa."

Kowace mai banda tana da ƙyallen da take ɗaurawa a bakin kwando don kada kaya su cakuɗe a jirgi, kuma babu biyu iri ɗaya. Duk muka ce wallahi tsohuwa ta yi tunani. Mu fa, matan da ke wuce 'yan duwan da gishiri a ƙarƙashin kifi ba su gane ba, babu ko ɗaya da ta tsaya ta ce ai ƙyallen nan don a gane mai shi aka yi shi. Har Atika uwar iyayi, baki buɗe take yaba dabarar. Abin na ba ni haushi har yau.

Da safiyar ranar Rabi ta kasa zama. Ta zo wurina ta koma, ta zo ta koma, ta ɗauki faifai ta ajiye.

"Kin tabbata ba wanda zai sani?"

"Bayan zana ne fa, Rabi. Ke da Allah."

"In ta sani ba za ta yafe mini ba. Gara duk garin nan su juya mata baya da a ce ni ce."

Da hantsi aka kafa zana a gindin tsamiya, aka ajiye gora biyu masu ƙaramin baki a bayanta, ta dama ta Inna Sabuwa, ta hagu ta Sakinatu. Gorunan ma nawa ne, kuma ba wadda ta ce mini sannu. Muka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Rabi ta bari sai ƙarshe. Ta daɗe a ciki har Mariya ta ce ko barci ya ɗauke ta. Da ta fito na ga fuskarta ta sauya. Ta zo ta damƙe mini wuyan hannu.

"Lami, ƙyallena."

"Mi ya same shi?"

"Saƙi ne. Inna ce ta kaɗa zaren da hannunta. Sai da na tura shi ciki na tuna, na sa yatsa ya ƙi kamuwa."

Ni ma nawa yana gorar hagu. Na dubi sauran matan, sai na ga abin yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta daina taunar goro, waccan ta gyara ɗaurin zanen da ba abin da ya same shi, wata ta fara neman takalmi. Rabi ta ruga wurin Atika tana raɗa mata ta ɗauki gorunan ta je bayan zana ta ƙirga ita kaɗai. Ta manta ido ne ya mutu wa tsohuwa, kunne na nan garau.

"A gabana za a fasa," in ji Inna Sabuwa. "Ba a taɓa ƙirga mini kifi a bayan zana ba, ba kuma yau za a fara ba."

Na jawo Rabi gefe na ce ta kwantar da hankalinta, ai ba gani take yi ba, baƙi da ja duk ɗaya ne a wurinta. Ta gyaɗa kai.

Aka fasa ta dama da dutse. Ƙyallayen 'yan kaɗan ne, ko tafin hannu ba su rufe ba. Tsohuwa ta shafa su. Aka fasa ta hagu, suka zubo tuli.

"Ku zuba mini a cinya."

Haka take ƙirga kifi tun da idon ya tafi, da yatsu, ɗaya ɗaya, daga cinya zuwa tabarma. Yawancinmu ƙyallen atamfa ne, a hannu duk santsinsu ɗaya, tana ɗauka tana ajiyewa. Ni har na fara sakin numfashi. Sai hannunta ya tsaya. Ta murza abin tsakanin yatsu, ta bi gefensa har ƙarshe inda aka yi ƙulli biyu, irin ƙullin da ita ta koya wa Rabi tun tana ƙarama. Har muna jin man kifi na ɗiga cikin wuta a murhun Mariya. Ba ta ajiye shi a tabarma ba. Ta dunƙule shi a hannun hagu, ta ci gaba da ƙirga sauran da na dama har ta gama.

"Sakinatu, matso," ta ce, muryarta ko rawa babu. "Jirgin gaba naki ne. Babban ɗan duwan nan ba ya son a gaida yaransa kafin shi, ki kiyaye. Damina uku aka ce. In sun cika ki sauka da ƙafarki, kada ki jira a fasa miki gora."

Kowa ta tsinci ƙyallenta kai a ƙasa, kamar waɗanda aka kama da hannu a tukunya. Rabi ba ta nemi nata ba.

Kullum in za su gida hannun tsohuwa na kan kafaɗar Rabi. Ranar ta miƙe ita kaɗai, ta kama hanya tana laluben danga. Rabi na bin ta a baya, ni ina bin Rabi da fasassun goruna a faifai, ban ma san abin da zan yi da su ba. Tausayin su biyun ya cika ni, ga haushin kaina. Muka kai inda ruwa ya zaizaye hanya aka gitta itacen giginya ana takawa. Tsohuwa ta san wurin. Ta tsaya a bakinsa, ta miƙa ƙafa ta janye, ta sake miƙawa ta janye. Ba ta kira kowa ba.

"Da kin gaya mini a ɗaki," ta ce, ba ta juyo ba.

"Na gaya miki, Inna. Na gaya miki har na gaji."



"Kin gaya mini," in ji tsohuwa.

Rabi ta matsa a hankali, ta duƙa ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hannun uwar. Hannun ya sauka a dunƙule, bakin ƙyallen na leƙowa tsakanin yatsu. Haka suka haye itacen, Rabi na gaba tana kuka ba sauti, tana gaya mata inda za ta sa ƙafa.