Raken Maikano a Cikin Kwalba

Duk wanda ya san fadamar Kausani ya san raken Maikano. Fari ne mai laushi, ko tsohon da haƙoransa suka fara girgiɗi yana iya shansa, masu mazarƙwaila kuma tun daga Wudil suke zuwa nemansa. Irin na mahaifinsa ne, Malam Auta, shi kuwa ba wanda ya san inda ya samo shi. Shekara uku ke nan wata cuta ta shiga gonar. Sai ka ga baƙar bulala ta fito daga kan rake tana zubar da gari kamar burtuntunar dawa, karan ya tsumbure ya koma kamar ciyawa. Maikano ya tuge ya ƙona, ya sake dasawa, abin bai bari ba.

Shekara huɗu ke nan da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ana shirin sake zaɓe, kuma duk motar da ta shigo ƙauye da abin da ya kawo ta: wata ƙuri'a, wata fili. Don haka da wata farar mota ta tsaya a bakin fadama da hantsi, Maikano bai ajiye addarsa ba. Wata mace ce ta fito, da mayafi da takalmin roba. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi gida da iyali da aiki da ruwa, sannan ta ce sunanta Saudatu, tana koyar da ilimin tsirrai a sabuwar jami'ar da aka buɗe a Wudil.

"Baba, labarin rakenka na ji, da na cutar da ta same shi. Kan rake nake roƙo, guda biyar, daga waɗanda suke da lafiya."

"Kan rake? Wanda muke zuba wa shanu?"

"Shi fa."

"Ai ba ya tsira, Malama. Gaɓa ake dasawa, mai ido."

"Na sani, Baba. Ganyen cikinsa nake so, wanda bai buɗe ba. Da shi zan fitar maka da sabon iri, in Allah ya yarda."

Maikano ya dube ta, ya dubi motar. Da gaɓa ta roƙa da ya gane, ɓarawon iri ba baƙo ba ne a fadama. Amma mutum ya ƙona mai tun daga Wudil don abincin shanu? Hana ta zai zama rowa, ba ta kuma bai kwanta masa ba. Ya sare biyar ya miƙa mata, yana kallo ta naɗe su a jiƙaƙƙiyar jarida kamar wadda ta sami zinariya.

Maƙwabcinsa na gona, Ya'u, bai jira ƙurar motar ta kwanta ba ya ƙetaro kunya.

"Ka ba ta? Kai, Maikano! Yau kan rake, gobe su dawo da igiyar awo su ce gonar bincike ce. Ko kuma su tura irin ƙasar waje, a dawo ana sayar maka da abin ubanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Maikano ya ce masa ya cika zargi, amma maganar ta zauna masa. Wata guda ya wuce, ba Saudatu ba labarinta. A cikin watan nan bulala ta fito a gindi bakwai, biyu daga ciki a layin da ya sare mata. Ranar wata Juma'a, da ya gama abin da ya kai shi kasuwar Wudil, ya miƙe sai jami'a, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗakin aikinta.

"Kayana na zo karɓa," ya ce bayan sun gaisa.

Ba ta yi musu ba. Ta roƙe shi ya cire takalmi ya wanke hannu, ta kai shi gaban wani kabad ta buɗe. Ciki duhu, kwalabe jere. A gindin kowace akwai wani abu mai daskarewa kamar kamu, a kansa ɗan yankin ganye da ya kumbura ya fitar da ƙulli-ƙulli kamar cukwi.

"Ga rakenka, Baba."

"Wannan ruɓaɓɓen abin?"

Kafin ta amsa idonsa ya faɗa kan wata ƙaramar kwalba a kan tebur. Maikano ba ya karatun boko, amma ya san lamba, kuma ya san waɗannan: biyu, huɗu, da harafi guda a ƙarshe. Su ne a jikin galan ɗin maganin ciyawar da Ya'u yake fesa wa shinkafarsa. Ya nuna ta da yatsa.

"Malama, wancan ba maganin kashe ciyawa ba ne?"

"Shi ne."

"Kin zuba wa rakena?"

"Na zuba. Zauna, Baba, in gaya maka dalili, in bai gamsar da kai ba ka kwashe kwalabenka."

Ya zauna a bakin kujera. Ta ce masa ganye da saiwa da kara duk an gina su ne da 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da cikakken bayanin yadda ake yin rake tun daga saiwa har kai. Sai dai da zarar an ba ta aikin ganye, sai ta rufe sauran ta kama aikinta. Idan aka yanka ganyen tun yana ɗanye, aka ɗora shi a kan abinci mai sukari, aka sa masa wancan magani ɗan mitsitsi, abin da bai kai ƙwayar gero ba a cikin tulun ruwa, sai ƙwayoyin su gigice su saki aikin ganye su koma yarinta, su yi ta rabuwa.

Ta sa wata kwalba a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce ya leƙa. "Ka ga wannan mai ruwa-ruwa? Ba ya zama komai. Dubi gefe, mai tauri, mai ruwan ƙwai. Waɗannan 'yan dunƙulen kowanne ya fara zama ɗan tsiro, irin wanda ke kwance a cikin ƙwayar hatsi. Ba fure, ba iri. In na janye maganin na fitar da su haske, za su yi ganye."

"To me ya sa wasu suka zama, wasu suka ƙi? Ba ganye ɗaya ba ne?"

"Abin da nake nema ke nan, Baba. An san kaɗan daga ciki, sauran ban sani ba."

Wannan amsar ta ba shi mamaki, don rabon da ya ji mai mota ya ce bai sani ba har ya manta. Amma wani tunani ya zo masa. Me zai hana ta samo wani rake a wani wuri, ta kawo masa ta ce nasa ne? Ya zare wani jan zare daga bakin hularsa, ya zaɓi kwalba guda, ya ɗaure mata wuya da irin ƙullin da yake yi wa buhu.

"Wannan kada a buɗe ta sai ina nan."

"Duk mako uku ake sauya musu abinci."

"To duk mako uku ina nan."

Haka kuwa aka yi. Yakan tsaya a bayanta, an ɗaure masa ƙyalle a hanci, yana kallon yadda take gasa ɗan hantsaki a wuta, ta tsinci masu taurin ta mayar sabuwar kwalba, shi kuma ya kwance zarensa ya ɗaura a can. Sau ɗaya ya tarar kwalabe shida sun yi fumfuna an fitar da su, ya yi ta juya tasa yana duba ƙullin, har ya tabbata ba a taɓa ba. Ya'u kuwa ya baza a majalisa cewa Maikano ya shiga makaranta da tsufansa, ana koya masa haihuwar rake ba uwa ba uba. Wasu suka ce a bi a hankali, abin ya yi kama da shiga hurumin Ubangiji. Maikano ya kai wa Saudatu wannan magana kamar tasa. Ta ce ita ba ta halicci ko ƙwaya ɗaya ba, abin da Allah ya riga ya ajiye a ciki ne yake fitowa. Bai ce ya yarda ba, amma mako uku na cika ya dawo.

A zuwansa na huɗu, bayan an fitar da kwalaben haske, ya ga ɗigo-ɗigon kore a kan cukwin. A na biyar sun zama 'yan ganye sirara kamar gashin jariri. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah," sannan ya sake duba ƙullin zarensa.

Sai da damina ta kusa fita ta kawo masa tsiro goma sha huɗu a cikin leda, duk daga kwalbarsa. Ta gaya masa gaskiya cewa sun fito ba cuta a jikinsu, amma ba ta yi alkawarin ba za su kamu ba in iska ta kawo garin. Ya dasa su a can ƙurya, nesa da sauran, ya kewaye da ƙaya, don har ranar bai san me zai fito ba.

Wata goma sha ɗaya suka yi. Ranar sara ya aika aka zo da yayarsa Indo, wadda ta girme shi da shekara tara, ta kuma sha raken nan tun daga hannun mahaifinsu. Saudatu ta zo, Ya'u ma ya ƙetaro ba a gayyace shi ba. Maikano ya fere gaɓa biyu a ɓoye, ɗaya tsohon iri, ɗaya na kwalba, ya miƙa mata.

"Yaya, wanne ne na Baba?"

Indo ta sha wannan, ta sha wancan, ta tofar da ɓawo. "Kai dai ba ka rabuwa da neman magana. Kara ɗaya ka raba biyu kake gwada ni."

Maikano bai yi dariya ba, amma ya sauke ajiyar zuciya. Sai Ya'u, wanda ya kutsa cikin ƙaya yana leƙe-leƙe, ya ɗaga murya.

"To wannan fa? Zo ka gani!"

A ƙarshen layi gindi ɗaya ya fita daban. Karansa ya fi sauran kauri, da jan zane daga gaɓa zuwa gaɓa, abin da ba a taɓa gani a raken Malam Auta ba. Maikano ya juyo ya zuba wa Saudatu ido.

"Daga kwalbata wannan ya fito?"

"Daga ita, Baba, a gabanka. Yakan faru. Wajen rabuwar nan wata ƙwayar takan yi tuntuɓe ta fito da wani hali. Yana iya zama alheri, yana iya zama banza." Ta tsuguna tana shafa karan, idonta na ƙyalli. "Ka ba ni shi in bincika."

"Ka ji ko," in ji Ya'u. "Dama shi ake nema."

Maikano ya dubi Ya'u, ya dubi Saudatu, ya dubi jan zanen. Sha ukun ya ce a sare su duka a yi iri, ta ɗebi kai ko nawa take so. Na sha huɗun kuwa ya jawo ƙaya ya ƙara toshe shi.

"Wannan a nan zai zauna. In kina son ganinsa, Malama, ki zo duk mako uku. Ina nan."